Kazar Ta Taka, Ni Ban Taka Ba

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Sale, mutumin Jajaye ne ni a ƙasar Rogo. Da damina noma nake yi, da rani in ɗauki kayan mutane a babur in kai kasuwa. Ba ni da yawan magana. Wannan labarin ma don masu babur nake ba da shi, da waɗanda Allah zai ɗora wa jinyar mai karaya.

Tsakanin ƙauyenmu da kasuwar Rogo akwai wani dogon gangare da ke sauka cikin rafi. Mu masu babur Gangaren Sadaka muke ce masa. Tun da mai ya yi tsada, duk wanda ya iso kansa sai ya saka firi, wato ya cire giya, ya kashe inji, ya bar babur ya gangara da kansa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba a ƙona ko ɗigon mai. Wanda ya sauka da inji a kunne dariya ake yi masa, a ce ga ɗan gidan mai rijiyar fetur nan zai wuce. Haka kowa ke yi. Haka nake yi.

Ranar kasuwa ce, bayan an gama kaka. Buhu biyu na tsabar gyaɗa na ɗora a baya, ɗaya kan ɗaya, na ɗaure da robar taya kamar kullum. Na kashe inji a kan gangaren. Da farko tafiyar jaki ce. A tsakiya iska ta fara cika mini riga. Kusa da ƙasa na ga gudun ya wuce yadda na saba, na taka birki. Ya kama, amma babur bai saurara ba. In inji na kunne kuma kana cikin giya, shi kansa yana riƙe maka babur. Ni ba abin da ke riƙe ni. Ruwan ƙarshen damina kuma ya tara yashi a gindin gangaren, inda da babu. Tayar gaba ta nutse a ciki. Babur ya tsaya cak. Gyaɗa ba ta tsaya ba.

Robar ta miƙe, buhunan suka taho suka same ni ta baya, suka haɗa cinyata ta dama da ƙarfen kan babur. Na ji ƙara kamar an karya icen girki.

Haladu na bayana. Ɗan ƙanwar babana ne, abokin wasana, ɗan acaba. Shi ma a firi ya sauko, amma ba kaya, birkinsa ya rage masa gudu. Ya shiga yashin nan, ya faɗi, ya mirgina, ya tashi yana kakkaɓe wando yana dariya.

Ya ce, "Kai Sale, tashi mana! Gyaɗar mutane ka samu katifa?"

Sai ya ga tafin ƙafata yana kallon inda bai kamata ba. Dariyar ta ɗauke.

Ko ɗigon jini bai fita ba. Wannan ne ya fara ruɗin mu.

A gida, magana ta Baffa ce, yayan mahaifina, shi ya rage mana babba. Ya duba ƙafar ya ce a kira mai ɗori. Matata Hajara ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Baffa, da an kai shi an ɗauki hoton ƙashin, a ga yadda yake."

Baffa ya ce, "Hoto ne zai ɗora shi? Ke yarinya ce. Waɗancan 'yan asibitin ba abin da suka sani sai zarto. Ki kai musu miji da ƙafa biyu, su dawo miki da shi da ɗaya."

Aka juyo ana kallo na. Na ji tsoron zarto fiye da ciwon. Na ce a kira mai ɗori.

Malam Ilu aka ɗauko daga wajen Yammedi. Ba zan zage shi ba. Shi ya ɗora mini hannu ina saurayi, ga hannun nan ina noma da shi. Ya zo ya yi sallama, ya shafa cinyar, ya ce a kamo kaza. Hajara ta kamo wata ja, cikin nata. Ya karya mata ƙafar dama a gabanmu, ya ɗaure da ɗan kara da zare. Sannan ya sa maza suka danne ni, ya ja ƙafata. Abin da na ji a nan ba zan iya faɗa ba. Ya shafa man shanu, ya jera karare, ya naɗe da tsumma, ya yi addu'a ya tofa.

Ya ce, "Ku kula da kazar nan. Ranar da ta taka, kai ma ka taka."

Makon farko cinyar ta kumbura ta zama kamar turmi. Ba na iya juyawa. Hajara ce ke juya ni, ita ke tara mini tasa in zan yi bayan gida, ita ke zubarwa, ita ke goge mini baya kada ya yi gyambo. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba. Ni ne nake tsakin. Masu dubiya suka cika zaure, kowa da maganinsa. Wannan ya ce romon ƙashi. Wancan ya ce madarar shanu da safe. Wata gwaggona ta hana a ba ni miyar kuɓewa, wai ƙashin zai yi santsi ya ƙi kamawa. Na yi wata guda ban ga kuɓewa ba.

Kazar tana cikin akurki a bakin ƙofar ɗakina. Duk wanda ya shigo ita yake fara leƙawa. Haladu kuwa har durƙusa mata yake.

"Hajiya, ya jiki? Ya ƙanin naki, yana dai cin abinci?"

Na ce, "Allah ya tashe ni, Haladu. Da kai zan fara."

"To tashi mana, ga ni."

Mako na biyu kumburin ya ɗan saɓe, mutane suka ce sauƙi ya samu. Ni na san bai samu ba. In na yi tari ina jin abu na motsi a cikin cinyar, yana gogar ɗan'uwansa. Wata safiya Hajara tana wanke mini ƙafa, ta haɗa dugadugaina biyu.

Ta ce, "Malam, ƙafar nan ta fi 'yar'uwarta gajarta."

Na ce, "Kumburi ne."

Ta ce, "Kumburi faɗi yake sawa. Ba ya rage tsawo."

Na juyar da fuskata ga bango.

Cikin mako na uku kazar ta taka. An buɗe akurki za a zuba mata dusa, ta fito tana ɗingishi, ta bi tsakar gida tana tsattsaga. Mata suka yi guɗa. Kafin hantsi Baffa ya iso da sandarsa da maza biyu.

"Alhamdu lillahi. Sale, tashi."

Na ce, "Baffa, ƙashin bai kama ba. Ina jin sa."

"Malam Ilu ya faɗa da bakinsa, kowa ya ji. Ko kaza ta fi ka zuciya ne?"

A gaban mutane ya faɗa. Na ce a ɗaga ni. Suka kama ni ta hammata suka tsayar, na sauke ƙafar a ƙasa, suka sake ni. Ƙafar ta lanƙwashe a tsakiyar cinya, inda Allah bai yi gaɓa ba. Daga nan ban san komai ba sai da na ji ana yayyafa mini ruwa.

Aka sake ɗauko Malam Ilu. Ya kwance tsumman, ya taɓa cinyar. Sannan ya goge hannunsa.

"Wannan ya fi ƙarfin hannuna. Ku kai shi asibiti."

Har gobe ina gode masa da wannan maganar. Wani da sai ya sake naɗewa ya kamo wata kazar.

Baffa ya ce akwai wani mai ɗorin a gaba da Karaye, ya fi wannan. Hajara ta zo ta durƙusa a gabansa. Ban taɓa ganin ta yi magana da shi ido da ido ba sai ranar.

"Baffa, ka yi mini aikin gafara. Ni nake juya shi, ni nake jin ƙashin nan a hannuna. In yankewa za a yi, a yanke ina tsaye. Amma ba zan zuba ido ƙafar nan ta lalace a ɗakina ba."

Baffa ya ce, "Ga mai ƙafar nan. Shi zai faɗa."

Na ce, "A kai ni."

Haladu ya samo motar ɗaukar kaya, aka shimfiɗa katifa a baya. A hanyar nan na fara karatu, ba malami. Rami ɗaya ne, amma in direba ya shige shi a hankali sai in ji kamar an girgiza ni, in ya shige shi da gudu sai in ji kamar an sake karya ni. Na riƙa dukan jikin motar ina cewa a rage. Direban ya ce in ya rage ba za mu isa da wuri ba. Na ce gara in isa da yamma da sauran ƙafa.

Asibitin da ke kusa da mu suka ɗauki hoto, suka ba ni allurar rage ciwo, suka ce aikin na birni ne. A birni muka sha layi. Layin kati daban, na hoto daban, na ganin likita daban, kuma kowanne sai an ce ku dawo gobe. Ba gado. A baranda na kwanta kan katifarmu, mutane suna tsallake ni. Wani mai gadi ya daka wa Hajara tsawa don ta shimfiɗa tabarma inda ba a so, kamar ta san inda ake so. Wata ma'aikaciyar jinya kuma, ba ta san mu ba, ta kama hannunta ta nuna mata inda ake ɗiban ruwa da inda mata ke kwana, ta riƙa leƙo mu har aka samu gado. Allah ya saka mata. Mai gadin ma Allah ya shirye shi.

Babur ya tafi a wannan jinyar, sayar da shi aka yi. Tumakin Hajara suka bi shi.

Likitan ƙashi wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu. Ya ɗaga hoton ya saita shi da taga. Ko ni da ban yi boko ba na gani. Ƙashin ya rabu biyu, kawunan sun haye juna kamar an jera itace biyu gefe da gefe.

Na ce, "Likita, yankewa za ka yi?"

"Wa ya gaya maka?"

"Baffana."

Ya matsa babban yatsan ƙafata ya saki, ya ce in motsa. Na motsa.

"Jini na zuwa, jijiya na aiki. Me zan yanke? Ƙarfe zan saka maka a cikin ƙashin. Amma da ranar da abin ya faru kuka zo, da aikin bai kai wahalar da zai yi yanzu ba. Gaya mini, me ya buge ka? Mota?"

Na ce gyaɗa.

Ya sauke hoton ya dube ni. Na ba shi labarin gangaren, da firi, da yashi. Na ce abin da ya ɗaure mini kai shi ne na sha faɗuwa a babur da kaya, ban taɓa ko targaɗe ba.

Ya ce, "Da wane irin gudu ka faɗi a da?"

"Kaɗan."

"Ranar fa?"

"Zai yi biyun wancan."

"To, Malam Sale, riƙe wannan. In gudu ya ninka biyu, dukan da zai yi ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. In ya ninka uku, tara. Ga nauyi kuma a kai. Babur ɗinka ya tsaya lokaci ɗaya, amma ba wanda ya gaya wa buhunan. Abu mai nauyi in yana tafiya, tafiyarsa zai ci gaba da yi sai ya samu abin da zai tare shi. Cinyarka ya samu. Ƙashin nan ya fi kowane ƙashi a jikinka ƙarfi, ka ga kuwa yadda ya yi."

Hajara ta ce, "Likita, kazar fa? Ita ta taka."

Ya sa aka ba shi labarin kazar. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemun yana rawa.

Ya ce, "Kazar nan in an ɗora ta a sikeli, za ta kai kwanon gyaɗa?"

Hajara ta ce da kyar.

"Mijinki fa?"

"Ya kusa buhu."

"To ƙafar da za ta ɗauki kwano da wadda za ta ɗauki buhu, rana ɗaya za su warke? Ga shi ƙashin tsuntsu ya fi na mutum saurin kamawa."

Kafin ranar aiki ba abin da nake yi sai kallon rufi da juya maganar nan. Na ga ashe na san ta, ban dai taɓa haɗa ta da babur ba. Mangwaron da ya faɗo daga reshen ƙasa ɗauka ake a ci. Wanda ya faɗo daga ƙololuwa fashewa yake, don ya samu hanya mai tsawo yana tara gudu. Gangaren Sadaka ke nan. Kuma na yi leburan gini ina saurayi. In an jefo maka tubali sama, ba ka tare shi da sandararren hannu. Kana bin sa da hannun ne, ka ja baya kaɗan, ya mutu a hankali. Wanda ya sandare hannu, ko tubalin ya fashe ko yatsa ya tafi. Haladu mirginawa ya yi, faɗuwar ta ƙare a hankali. Ni aka tsayar da ni lokaci ɗaya, tsakanin ƙarfe da buhu.

Aka ce sai an tanadi jini. Haladu ya cika mota da 'yan acaban tasharmu, suka zo tun daga Rogo. Nasa ne ya dace da nawa. Bayan an fito da ni daga ɗakin tiyata, na farfaɗo, shi na fara gani a kaina yana shan lemo.

"Sale, yanzu jinina ne a jikinka. Wataƙila ka fara hankali."

Na ce, "Shi ya sa tun da na farka nake jin yunwa da son ƙarya."

Ya ce wa Hajara, "Ya warke. Ku tattara kaya."

Ban warke ba. Nan aikin ya fara. Gwiwar ta sandare saboda daɗewa a miƙe, aka tura ni wajen gashin ƙashi. Wata mata ce a wurin, ba ta da tausayi ko kaɗan, Allah ya yi mata albarka. Takan kama ƙafar ta lanƙwasa har in ga duhu, ta ce, "Baba, saura kaɗan," alhali ƙarya ne. Na ciji hula, ban taɓa ce mata ta bari ba. Aka ba ni sanduna biyu na hammata. Likita ya ce nauyin ma da kaɗan-kaɗan za a mayar wa ƙafar. Da farko yatsu kawai, kamar mai taka ƙwai ba ya so ya fashe. In an sake hoto an ga ƙashi ya fara tsirowa, a ƙara. Ya ce kada in ji maganar kowa sai ta hoton.

Muka koma gida ana shirin shuka. Duk bayan 'yan makonni sai an koma birni, a sake layi, a sake hoto. Safe da yamma ina zagaya tsakar gida da sandunan, Hajara na zaune tana tsince wake tana kallon ƙafar.

"Malam, ka taka da yawa."

"Ban taka ba."

"Na ga ƙurar da ta tashi."

Baffa ya zo wata rana ya same ni a ƙofar gida.

"Har yanzu da sandunan guragu? Ka yar da su, mutane na kallo. Wanda aka sa wa ƙarfe ai ya fi mu ƙarfi."

Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri. Na bi kaza sau ɗaya. Ba zan ƙara ba."

Ya tsaya yana kallo na. Ya juya ya tafi, ko sallama bai yi ba. Na ɗauka mun ɓata ke nan. Da ruwa ya sauka, sai aka zo aka ce mini an ga Baffa a gonata da 'ya'yansa da shanun huɗa. Shi ya shuka ta, shi ya kira gayya aka nome ta, shi ya kawo dawar har rumbu. Bai taɓa tayar da maganar ƙafar ba, ni ma ban tayar ba. Da ba don shi ba da ban tashi ranar nan na ƙarasa karya ƙafata ba. Da ba don shi ba kuma da ba mu ci tuwo bana ba. Duka biyun gaskiya ne.

Damina ta wuce ina kan sanduna biyu. Da kaka likita ya karɓe ɗaya. Sai da aka fara zafi ya ɗaga hoton ƙarshe a taga, ya nuna mini inda ƙashin ya haɗe ya yi kauri kamar gaɓar rake.

Ya ce, "Ajiye ɗayar. Taka."

Na taka. Ƙafar ta ɗauke ni. Ta ɗan fi ɗayar gajarta, haka za ta zauna. Mai gyaran takalmi a kasuwar Rogo ya ƙara mini tafi a takalmin dama.

Ga abin da nake so a ji. Mai babur, in kana da kaya kada ka kashe inji a gangare. Man da za ka rage bai kai ƙafa ba. Kayanka kuma ka ɗaure su da igiyar da ba ta miƙewa. Mai jinya, rashin ganin jini ba sauƙi ba ne. In cinya ce ta karye, a ɗauki hoto tun ranar.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na sa Haladu ya kai ni kan Gangaren Sadaka, na ce ya ajiye ni ya jira ni a ƙasa. Ya sauka da injinsa a kunne, yana cikin giya, wasu samari biyu suka wuce shi a firi suna yi masa ihu. Na daka musu tsawa su kunna inji. Ɗaya ya kunna. Ɗayan ya ɗaga mini hannu ya wuce. Mako mai zuwa zan sake zuwa in tsaya masa.

Na sauka gangaren da ƙafata, a hankali, har gindinsa. Yashin yana nan. Na tsaya a kansa da ƙafar dama, na sakar mata nauyina duka. Haladu ya ce in hau mu tafi. Na ce a'a, hawa ma da ƙafa zan yi. Na hau.

Da na dawo gida Hajara ta ce a yanka jar kazar nan a yi sadaka, tunda Allah ya tashe ni. Na ce a yanka zakara, ita a bar ta. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Ta taka ne ranar da ƙafarta ta iya ɗaukar ta. Ni ma ranar da tawa ta iya na taka. Tana nan a tsakar gida da 'yan tsakinta. Da safe in na fito alwala tana gaba tana ɗingishi da ƙafar dama, ina biye ina yi da tawa.